Littafin Sito

Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin Alhaji Labo,
shiga a hagu, fita a dama,
a wani ɗaki mai ƙanshin aya da man gyaɗa
bayan Babbar Kasuwa.
Ban taɓa zaton ƙasa na da buƙata da shi ba.

Wata Laraba Habsu ta sauko daga motar Yamai,
jaka a kafaɗa, takarda mai hatimi a hannu.
Ta ce a ofishinsu na ƙididdiga
suna son auna abin da ƙasa duka za ta samar bana,
amma alƙaluma kan iso musu
bayan an ci suna, an watse, an kife tukwane.
"Ku kuwa kuna rufe lissafi duk wata uku.
Ku ara mana ido."

Alhaji ya yi shiru, ya ja carbi.
A wurinsa kowace takarda mai hatimi
ƙanwar haraji ce, uwa ɗaya uba ɗaya.
Sai da ta rantse ba suna take so ba, lamba kawai,
kamfani ɗari biyu a tukunya guda,
ba mai gane gishirin wani,
sannan ya miƙo mini mabuɗi ba tare da ya dube ni ba.

Na ce kar ki fara da riba,
riba makararriya ce, sai an tashi take sallama.
Dubi nan, buhun wofi.
Bara war haka dubu takwas muka saya,
bana dubu biyar,
don Alhaji ya zaga Tibiri da Gazawa
ya ga wake ya yi fure ya zubar.
Dubi bashin da muke bin mutanen Jibiya:
dā kwana talatin suke biya,
yanzu sittin ta wuce,
naira ta faɗi, a yi haƙuri, a yi haƙuri.
Dubi kuɗin gazuwal yadda ya rame.
Mota uku na tsaye ƙarƙashin bedi,
Sanda direba yana dara tun hantsi.
Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta,
wadda ba za ta yi ba ma haka.

Ta yi ta rubutu har shayinta ya huce.
Ta ce za ta haɗa namu da na masu katifa,
da na majema, da na masu dakon siminti,
a hango inda ƙasa ta dosa kafin ta isa.

Na ce to, amma ki bar fili a ƙasan shafi.
Tabawa mai ƙuli-ƙuli a ƙofarmu
da kaskon nan ta kai 'ya'ya uku lakwal,
littafinta zanen gawayi ne a bango,
ruwa ɗaya ke share shi.
Yaran da ke shigo da fetur ta bayan Ɗan Isa
ba su ba da rasit.
Rabin Maraɗi ba ta san layin biro ba.

Ta rufe jaka.
"Ba gaibu muke nema ba, Baba.
Kuskure muke so ya ragu."

Bayan kaka na ji a rediyo
an faɗi wata lamba, da waƙafi a tsakiyarta.
Na kasa kunne ko zan ji
buhuna dubu ukun nan da ba mu saya ba,
da motocin da ke barci, da darar Sanda.
Ban ji ba. Amma lambar ta yi ƙasa da ta bara kaɗan,
daidai yadda littafi ya ce.

Daren nan na daɗe a sito.
Akwai wata bakwai a shafin Satumba
da ta yi kama da ɗaya.
Na ɗauki biro, na ja mata ɗamara.